Koyar da Sharhin Wasan Kwaikwayo a Makarantun Sakandare

Duk malamin da ya taɓa zama da jar tawada yana duba takardun 'yan makaranta a kan wasan kwaikwayo, ya san abin da zai tarar tun bai buɗe takarda ta biyu ba. In an ce wa aji guda su rubuta sharhi a kan Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, galibinsu abu ɗaya za su kawo. Za su ɗauko labarin tun daga arzikin Malam Jatau, su bi shi daki-daki har ya auri Kyallu, har dukiya ta watse, sa'an nan su rufe da layi biyu ko uku, cewa wasan yana gargaɗin mutane kada su auri karuwa. Babu ƙarya cikin abin da suka faɗa. Amma fa yaron da bai taɓa buɗe littafin ba, wani ne kawai ya ba shi labarin a hanyar makaranta, shi ma yana iya rubuta wannan takarda, ya kuma sami maki daidai da na wanda ya karanta. In haka ta faru, lalle akwai abin da ya ɓace a wajen koyarwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa a makaranta ya tashi, don amfanin makaranta kuma aka fara buga shi. Wasanni shida da R. M. East ya shirya cikin shekarun 1930, don 'yan makaranta ya shirya su. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, tsabta da kiwon lafiya ya ke koyarwa. Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, duka biyu suna duban yadda zamani ya ke sake halayen mutanen birni. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya ɗauki zaman aure da wulaƙancin miji, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina kuwa, a 1979, ya ɗauki masu kuɗin da ke lalata 'yan mata 'yan makaranta. Tun da ya ke kowane ɗayansu da gyaran hali ya zo, sai malamai suka saba da ɗaukarsu tamkar wa'azin da aka raba wa mutane baki-baki, aikin yaro kuwa shi ne ya tsamo darasin ya miƙo.

Illar wannan ita ce, darasi shi ne abu mafi arha cikin wasa. Ana iya samun wasanni goma masu jigo ɗaya, tara daga ciki su mutu ran da aka yi su, ɗaya ya rayu shekara sittin. Abin da ya raya na goman yana cikin yadda aka jera fitowa bayan fitowa, da irin maganar da aka sa a bakin kowane ɗan wasa, da abin da aka bari 'yan kallo su sani alhali wanda ke kan dandamali bai sani ba. Nan ne aikin mai sharhi ya ke. Sharhi kuwa, in an taƙaita shi, shi ne mutum ya faɗi wata magana a kan wasan wadda mai hankali zai iya musunta, sa'an nan ya tsayar da ita da shaida daga cikin wasan. Cewa Jatau ya talauce ba ya cikin irin wannan magana, gama ba mai musu. Cewa Jatau da hannunsa ya rushe gidansa, Kyallu kuwa ta tarar da ƙofa ne a buɗe, wannan magana ce da za a iya ja a kanta, sabo da haka ta isa ta ɗauki takarda.

Kada a zaci yaran ba su da kaifin da za su yi wannan. Sun zo makaranta da shi. Yaron da ya tashi yana kallon tashe daga goma ga watan azumi, ko ya ga samarin ƙauye suna naɗa sarautu a wasan kalankuwa bayan kaka, ko ya ji 'yan kama suna juya karatun malamai su mai da shi zancen tuwo da miya, ya san wanda ya iya da wanda bai iya ba, in kuma aka tambaye shi zai faɗi dalili: wane ya kama tafiyar hakimi amma muryar ta kuɓuce masa, wane ya yi gaggawa ya kashe dariyar tun ba ta nuna ba. Wannan shi ne sharhi, sai dai a baki ya ke. Abin da ke kashe shi a aji shi ne, a kan ba yaro wasan a matsayin littafin karatu, ya bi shi da ido shiru kamar labari, bai taɓa ganinsa a tsaye ba. Sabo da haka mataki na farko shi ne a tayar da wasan tukuna, kafin kowa ya taɓa alƙalami.

Ba a bukatar dandamali ko tufafi. Fitowa ɗaya ta isa, da sarari kaɗan a gaban allo. Wasannin Maƙarfi a gidan rediyo na Kaduna aka fara jin su kafin a buga su, watau don kunne aka gina su. To, malami ya zaɓi fitowa ɗaya inda Jatau da Kyallu ke magana, ya tsai da masu karantawa a bayan aji, sauran su rufe littattafansu su saurara. A yi ta sau biyu. Da farko mai riƙe da Kyallu ya yi maganar da muryar makirci a fili, yadda kowa zai gane inda ta nufa. Na biyu ya yi ta da ladabi da taushi, yadda mai ji zai iya yarda da ita. Kalmomin ba su sake ba, amma Jatau ya sake: a karo na farko wawa ne wanda ya ga rami ya faɗa, a na biyu mutum ne wanda abin da ya same shi zai iya samun kowa. Sai malami ya tambaya, wanne daga cikin biyun kalmomin marubucin suka fi goyon baya? Daga nan gardama za ta tashi, kowane ɓangare kuwa dole ya koma cikin littafi neman abin da zai kare kansa.

Ko sunan wasan ma abin tambaya ne. A kirarin Hausa, in an ce wa namiji na wance, yabo ne, ana jingina shi ga wata tasa don a ɗaukaka shi. Yaron da ya lura cewa wannan ɗan ƙaramin "na" yana kuma nuna mallaka, ya tambayi kansa shin a ƙarshen wasan wa ya mallaki wani tsakanin maigida da amarya, ya riga ya sami abin da zai cika shafi biyu ba tare da ya sake ba da labarin ba.

Wannan dabara ta yin fitowa ɗaya ta hanya biyu ba a kan wasannin Hausa kaɗai ta tsaya ba, akwai ma wasan da tarihinsa ya tabbatar da ita, shi ne na Shekisfiya a kan attajirin birnin Banis, wanda aka fara bugawa a 1600, Ɗahiru Idris kuma ya mai da shi Hausa a 1981 da sunan Matsolon Attajiri. Bayahude Shailok ya ranta wa Antoniyo dukat 3000 na wata uku ba ruwa, bisa sharaɗin in wa'adi ya cika bai biya ba, a yanki laba ɗaya ta naman jikinsa. A kashi na huɗu aka zo gaban shari'a. An miƙa wa Shailok ninkin kuɗinsa ya ƙi, yana wasa wuƙarsa a tafin takalmi, ga ma'auni ya tanada. Foshiya, wadda ta ɓad da kama ta zo a matsayin masanin shari'a, ta yarda masa da naman, amma ta ce takardar ba ta ba shi ko ɗigon jini ba. Daga nan shari'a ta juya kansa, aka raba shi da ikon dukiyarsa, aka kuma tilasta masa barin addininsa ya zama Kirista, har ya ce ba shi da lafiya, ya roƙi a bar shi ya tafi.

Yaron da aka saba masa da neman darasi zai rubuta cewa mugunta ba ta da riba, ya ajiye alƙalami. Amma 'yan wasan Ingila da kansu ba su daidaita a kan Shailok ba. Charles Macklin a 1741 ya fito da shi mugu abin tsoro. Edmund Kean a 1814 ya nuna shi mutum wanda wulaƙanci ya ƙona wa zuciya, Henry Irving kuma a 1879 ya ba shi kwarjini da mutunci har 'yan kallo suka tausaya masa. Littafin ɗaya ne a hannun su ukun. In aji ya yi fitar Shailok daga majalisar shari'a sau biyu, sau ɗaya ana yi masa dariya, sau ɗaya kowa ya yi tsit, tambayar za ta zo da kanta: waɗanda suka yi ta roƙonsa ya yi jinƙai, da dama ta zo hannunsu, jinƙai suka yi masa? Har sunan da aka ba wasan da Hausa abin dubawa ne, gama attajirin da sunan asali ya ke nufi Antoniyo ne, sunan Hausa kuwa ya mai da ido kan mai rowa, ya yanke masa hukunci tun daga bangon littafi. Yaran da suka san zauren alƙali, da bashi, da jingina, ba za su rasa abin faɗi a kan wannan ba.

Bayan gardamar baki sai a koma ga takarda, a nan kuwa ya kamata malami ya tsananta. Tsarin da ya fi dacewa da mafari abu huɗu ne a jere. Na farko, yaro ya faɗi maganarsa cikin jimla ɗaya a sakin layi na farko, yadda mai karatu zai san abin da a ke so ya yarda da shi. Na biyu, ya kawo shaida biyu ko uku, kowace ya faɗi kashi da fitowar da ta ke, da wanda ya yi maganar, da wanda ke tsaye yana ji, domin magana ɗaya tana sake ma'ana gwargwadon wanda aka yi ta a gabansa. Na uku, ya kawo hujja mafi ƙarfi ta abokin gardamarsa, ya amsa ta da gaskiya, in ta fi ƙarfinsa ya rage maganarsa ta farko. Na huɗu, ya yanke hukunci. Labarin wasan kuwa kada ya wuce layi biyar, gama mai duba takardar ya riga ya san shi. A farkon shekara shafi ɗaya a kan fitowa ɗaya ya fi shafi huɗu a kan wasan duka.

Akwai abin da malamai za su ce, kuma ba a banza za su faɗa ba. Za su ce lokaci kaɗan ne, ga jarrabawa tana tafe, ita kuwa sau da yawa jigo da halayen 'yan wasa ta ke tambaya. Amsar ita ce, yaron da ya yi gardama a kan Kyallu ya buɗe littafin sau goma neman shaida, ya fi mai hadda sanin abin da ke ciki, tambayar jigo ba za ta gagare shi ba. Za su kuma ce sa yaro ya nemi uzuri ga Kyallu ko Shailok yana iya raunana tarbiyya, wasu iyaye ma ba za su so a ce 'yarsu ta fito a matsayin karuwa ba, ko da a aji ne. Na biyun yana da sauƙin magani, a yi karatun daga zaune, ko a ba wanda ya yarda. Na farkon kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Yaron da aka koya wa cewa mugu a kan fuska a ke gane shi, ran da ya gamu da mai taushin baki ba shi da makami. Wanda ya zauna ya bincika yadda aka yi mutum mai dukiya da hankali kamar Jatau ya faɗa, shi ne ya ɗauki gargaɗin da Maƙarfi ya nufa. Ga kuma wata wahala da ba a cika faɗi ba, watau ganin girman littafi, har yaro ya ɗauka abin da aka buga ba a ja da shi. Sai malami ya nuna masa a aikace cewa yi wa marubuci tambaya ba raini ba ne.

Nauyin gyaran nan a kan kwalejojin horon malamai ya ke, domin malami ba ya koyar da abin da ba a taɓa sa shi ya yi ba. Ya kamata kowane mai koyon malanta, kafin ya fita, ya tayar da fitowa ɗaya da 'yan ajinsa ta hanya biyu, ya rubuta sharhin shafi ɗaya a kanta, ya kuma duba na abokinsa. A wajen ba da maki kuma a sake ma'auni, kaso mafi yawa ya tafi ga shaida da amsa musu, kaɗan ga ba da labari. Takardar da ta saɓa wa ra'ayin malami amma ta tsaya da ƙafafunta ta fi wadda ta maimaita abin da ya rubuta a allo, lalle ne kuwa yara su ga haka a makin da aka ba su, gama abin da jar tawada ta yaba shi za su sake kawowa a mako mai zuwa.