Begen Gaɓar Teku da Tarihin Zuriya a Littafin By the Sea na Abdulrazak Gurnah

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala za ta dubi jigon bege a littafin By the Sea, wanda Abdulrazak Gurnah ya wallafa a 2001. An haifi marubucin a tsibirin Zanzibar a 1948, ya kuma yi ƙaura zuwa Ingila 'yan shekaru bayan juyin juya halin 1964. Ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980, kuma shi ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021. Harshensa na gado Suwahili ne, amma da Ingilishi yake rubutu. Abin da muƙalar ke son tabbatarwa shi ne, bege a wannan littafi tafe yake da alhaki, kuma kyawon tarihin zuriya ba ya fitowa sai an ji ta bakin kowane ɓangare.

2.0 Warwarar Jigo

Taurarin labarin biyu ne. Na farko Saleh Omar, dattijo ɗan shekara 65, tsohon mai sayar da kayan ɗaki, wanda ya sauka a filin jirgin saman Gatwick yana neman mafaka da sunan wani mamaci, Rajab Shaaban Mahmud. Na biyu Latif Mahmud, ɗan mamacin nan, malamin jami'a a Landan, wanda ya bar gida tun yana saurayi ta hanyar zuwa karatu Jamus ta Gabas. Abin da ya haɗa su tsohuwar gaba ce. Wani falke mai suna Hussein ya zo daga Bahrain, ya karɓi rance wurin Saleh, ya ba shi takardar bashin da yake bin mahaifin Latif a matsayin jingina, sannan ya tafi bai dawo ba. Ta haka gidan su Latif ya koma hannun Saleh. Da ƙasa ta juya, Saleh ya shafe shekara 11 a tsare, matarsa da 'yarsa suka rasu ba ya nan.

3.0 Kayan Gado a Matsayin Alama

Dabarar da ta fi fice a littafin ita ce rataya bege a jikin abin da ake iya taɓawa. Cikin 'yan kayan da Saleh ya fito da su daga gida akwai ƙaramin akwati na turaren itace, ud-al-qamari, wanda jami'in shige-da-fice ya karɓe. Ƙamshin nan shi ne ke buɗe ƙofar garin baki ɗaya: jiragen fatake da iska ke kaɗowa a kan lokaci kowace shekara daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya, da hada-hadar tashar jiragen ruwa, da shagon da aka yi cinikin. Amma wannan turare daga hannun Hussein ya fito, watau mutumin da ya ruguza gidaje biyu. Haka ma ɗan teburin baƙin katako da Latif ya je roƙo a mayar wa mahaifiyarsa, Saleh ya hana. Ke nan duk abin da ke tayar da bege shi ne kuma shaidar laifi. Ko teku kanta fuska biyu gare ta, domin ita ke kawo arziki, ita ce kuma ta tafi da Hassan, yayan Latif, wanda ya bi bayan Hussein.

4.0 Salo da Sarrafa Harshe

Marubucin ya bar kowane tauraro ya ba da labari da bakinsa. Mai karatu yakan gaskata na farko, sai na biyu ya zo ya warware masa zare. Latif ya taso da yaƙinin cewa Saleh azzalumi ne, sai ya tarar rikicin gado tsakanin gidajen biyu ya girme shi, kuma iyayensa ma ba su fita fes ba. Gaskiyar Hausawa ce, ba a yanke hukunci da jin ta bakin mutum ɗaya.

Abin da zai ja hankalin masana harshe shi ne, Saleh ya iya Ingilishi sarai, amma ya yi kamar bai iya ba bisa shawarar da aka ba shi. Wannan shiru ne ya sa aka nemi tafinta, aka faɗa kan Latif. Bugu da ƙari, Gurnah yana tsarma kalmomin Suwahili da Larabci cikin Ingilishinsa, musamman na gaisuwa da addini da ciniki. Bahaushe ba zai ji baƙuntar da yawa daga cikinsu ba, domin harsunan biyu duk sun yi aro daga Larabci.

5.0 Rauni

Duk da haka, littafin bai rasa gazawa ba. A kashi na ƙarshe, bayanin wa ya auri wa, da wa ya gaji gidan wa, ya yi tsawon da ke sa labarin ya riƙa jan ƙafa. Na biyu, matan da tarihin zuriyar ya rataya a kansu, irin su Asha mahaifiyar Latif da Salha matar Saleh, ba a ba su baki ba. Ta bakin maza kaɗai aka san su, alhali littafin da kansa ya koya mana cewa shaidar ɓangare ɗaya ba ta wadatarwa.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Gurnah ya ƙi mayar da garin ƙuruciya aljannar duniya. Mutanen biyu ba su sami gidan da suka rasa ba, ba su kuma koma Zanzibar ba. Abin da suka samu shi ne zama a ɗaki guda, a wani ƙaramin gari na bakin tekun Ingila, kowa yana cike wa ɗan'uwansa giɓin labari. A nan kyawon tarihin nasu yake. Zai yi kyau manazarta su auna wannan dabara da yadda ake sarrafa begen gida a ƙagaggun labarai na harsunan Nijeriya.