Daga Delfi zuwa Zuru: Tsokaci kan Ra'in Lewis game da Mata da Bori

A shekarar 1971 I. M. Lewis, masanin al'adun al'umma ɗan Birtaniya, ya fitar da littafinsa Ecstatic Religion, kuma har yau ra'in da ke cikinsa bai daina yawo a kundayen ɗalibai ba. Lewis ya raba hawan iska gida biyu. Akwai na tsakiya, wanda ke tallafa wa sarauta da tarbiyyar jama'a, akwai kuma na gefe, wanda ya ce mafakar mata ne da sauran raunana. Matar da ba ta iya ja da mijinta sai iska ta hau ta, ta nemi tufafi da turare da bakin aljani, mijin ya biya ba tare da girmansa ya zube ba. A ƙasar Somaliya ya gina wannan fahimta, sannan ya shimfiɗa ta kan borin Hausa da bautar Diyonisas ta tsohuwar Girka. Daga nan masu bin sawunsa suka ɗauko hukuncin da ya fi nasa kaifi, wai Musulunci ne ya kori mace daga fagen addini, ita kuwa ta fake a bori.

Littafin yana da amfaninsa, domin ya tilasta wa masu nazari su tambayi wa iska ke hawa, kuma me yake samu. Illarsa ita ce zaɓen hujja. A ɓangaren Girka ma abin ya fito fili. Matan da ke hawa duwatsu cikin maye don Diyonisas, mafi shaharar hotonsu daga wasan kwaikwayon Yuripidis ya zo, wanda aka nuna a Atina wajen shekara ta 405 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato tunanin namiji ne a kan dandamali. Amma a wannan gari mace ce ke riƙe da ɗakin bautar Atina, gunkiyar birnin, kuma an ruwaito cewa wata mai suna Lisimaki ta yi shekara 64 a wannan muƙami. A Argos da shekarun limamiyar Hera ake ƙidayar zamani. A Delfi mace ce ke magana da sunan Afolo, sarakuna na aiko mata da tambaya kan yaƙi da kafa birane. Bikin Tesmoforiya na kwana uku matan aure kaɗai ke yin sa, da amincewar hukuma. Matar da ba ta da ƙuri'a a majalisar Atina ita ce a tsakiyar bautar garin, har lokacin da Sarki Tiyodosiyas ya haramta bautar gumaka a 391 da 392. Kalmar "gefe" ba ta ɗauke wannan nauyi ba.

Haka abin yake a Gobir. Inna, wadda ake naɗawa daga gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori kuma mai faɗa a ji a fada. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 sarautar ba ta mutu ba, ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda ta ci gaba a fadar sarakunan da suke Musulmi. Mai kare Lewis zai ce ai wannan shi ne zancensa: a inda jihadi ya yi nasara, abin da yake na tsakiya ya koma gefe. To, amma zancen ya tsallake abin da masu jihadin suka yi da mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jajis, tana sanya musu malfa, su koma ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa. Jean Boyd a littafinta na 1989 ta ga kamanni tsakanin shigar jaji da ta Inna, ta fahimci cewa Asma'u ta karɓi alamar da mata suka sani ta sauya mata ma'ana. Fahimta ce mai daɗin ji, ko da yake kamannin sutura shi kaɗai ba ya tabbatar da niyya. Abin da ba ya buƙatar ƙiyasi shi ne cewa an bai wa mata muƙami da aiki a cikin sabon tsari.

Gwajin da ya fi tsanani ga ra'in yana ƙasar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, tare da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari, sun riƙe addinin gargajiya a duwatsunsu har cikin ƙarni na 20, duk da hare-haren Kwantagora. Nan ne wurin da mai bincike zai ga al'umma kafin Musulunci ya yi rinjaye, kuma in hukuncin nan gaskiya ne, ya kamata a tarar da mace a kan gaba. Ba haka aka tarar ba. P. G. Harris, wanda ya rubuta bayani kan Dakarkari a 1938, da waɗanda suka biyo shi, sun nuna cewa babbar bauta ita ce ta Magiro, ta kakanni, kuma ta maza ce zalla. Mace ba ta shiga, ba ta gani, muryarsa kawai take ji ta ɓuya. Irin wannan dodo da ake tsorata mata da shi sananne ne a wasu ƙabilun kudancin Zariya. Ware mace daga sirrin addini, ke nan, ya riga malami isa waɗannan duwatsu.

Sai dai bai kamata ɗalibi Musulmi ya yi saurin tafi ba, ya rufe littafi yana cewa dama jahiliyya ce. Harris jami'in mulkin mallaka ne, kuma namiji. Abin da ya fi sauƙin isa kunnensa shi ne abin da maza suka ɗauka babba. A wannan ƙasa ta Lelna, siffofin yumɓu da ake ɗorawa kan kaburburan manya, waɗanda yanzu ke gidajen tarihi na Turai da Amurka, mata ne ke gina su, uwa na koya wa 'ya. Wadda aka hana ganin Magiro ita ce ke ƙera abin da ke tsaye kan kabarin jarumi. Wannan ba tsakiya ba ne, ba kuma gefe ba ne. Rabon aiki ne da ma'aunin Lewis mai kwano biyu ba zai iya aunawa ba.

Da ma'aunin da ya fi wannan kyau, da an ga abin da ya sauya a rayuwar matar Zuru da ta musulunta. Alƙur'anin da mijinta ke karantawa shi ne nata, babu wata sura da aka ɓoye mata a kurmi. Golmo, noman shekaru bakwai da saurayi ke yi a gonar surukinsa, amfaninsa na uban yarinya ne, sadaki kuwa shari'a ta mallaka mata shi ita kanta. A ɗaya hannun kuma, sana'ar siffofin kabari ba ta da gurbi a addinin da ya hana sassaƙa surar mai rai da yin gini kan kabari, don haka wani matsayi da wasu mata ke gado daga iyayensu mata ya tafi da ita. Ko ta sami makarantar da za ta maye mata gurbinsa, wannan ya danganta ne da malaman garinta, ba da aljani ba.