Ƙwallon guragu: Gasar rana ɗaya ba ta gina jiki

Idan kana bibiyar labarai a ƙarshen watan Oktoba, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da hoton ba: mutane zaune kan katako mai taya, suna tura kansu da hannu, suna buga ƙwallo da tafin hannu. Ƙwallon guragu ke nan, wasan da ɗan Najeriya Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma shan inna ta taɓa, ya ƙirƙiro a 1988. Akan shirya gasarsa don Ranar Yaƙi da Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba. Wasan abin alfahari ne. Abin da nake suka shi ne yadda ake auna nasararsa da taron rana ɗaya: a raba riguna, a ɗauki hoto, kowa ya watse.

To, jiki bai san da ranar biki ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya, har da masu naƙasa, su riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako, su kuma ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Dalilin cewa "kowane mako" shi ne, ƙarfin zuciya da huhu da atisaye ya gina yana fara raguwa cikin 'yan makonni da dainawa.

Ga wanda ya yi shan inna kuwa, abin ya fi haka. Cutar tana kashe wasu ƙwayoyin jijiya da ke sarrafa tsoka, sai waɗanda suka tsira su ɗauki aikin matattun. Bayan shekara 15 zuwa 40, wasu kan fara jin sabon rauni da gajiya da ciwo. Abin da likitoci ke ba irin waɗannan shawara shi ne motsa jiki kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tare da hutu. Ka ga kuwa mutum ya shafe watanni bai yi atisaye ba, sannan a sa shi fafatawa yini guda, ai kafaɗarsa za ta gaya masa. Ita ce kuma yake tura kekensa da ita zuwa neman abinci.

Yanzu mu bar birni, mu leƙa Gezawa. Ba ta da nisa da Kano, amma katako mai taya daɓen siminti yake so, ba ya tafiya a rairayi. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, fili ba ya zama banza. Da damina hanyar ƙauye kan yi taɓo, keken guragu ya kafe. A ce magidanci a wani ƙauye kusa da Jogana yana son wasan: kuɗin mota zuwa birni da dawowa, ga asarar cinikin yini. Sau nawa zai iya a wata? Balle mace, wadda sai an samu wuri mai sutura da amincewar gida. Idan suka daina zuwa, sai a ce ba su da himma.

Nan ma mu masu bincike muna da laifi. Idan ka je fili ka tambayi 'yan wasa me ya sa suke ci gaba, amsar waɗanda suka jure kawai za ka samu. Wanda ya daina yana gida, takardar tambayoyinka ba ta kai gare shi ba. Kamar ka je kasuwa ne ka tambayi mutane ko hanya tana da kyau: wanda motarsa ta maƙale ai bai iso ba.

Saboda haka a sauya ma'auni. Duk mai ɗaukar nauyin gasa, a tambaye shi: cikin waɗanda suka buga bara, mutum nawa ke atisaye bayan wata shida? Wani kaso na kuɗin biki zai fi amfani idan aka yi daɓe a harabar makarantar firamare, aka ware yamma ɗaya a mako, aka tanadi gyaran taya.

A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, suna manyanta. Su atisayen mako-mako suke buƙata, don ba a fafe gora ranar tafiya.