Binciken Kammala Digiri: Yaushe Zai Leƙo Sabo?

Kwanakin baya 'yar yayata, wadda ke shekarar ƙarshe a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ta kawo mini jerin batutuwan da take son ta zaɓi ɗaya ta yi firojek a kai. Na duba, sai na ga duk kanwar ja ce: tasirin Facebook a kan karatun ɗalibai, fargabar jarrabawa, yadda ɗalibi ke ganin kimar kansa. Na ce, "'Yata, ina kika samo waɗannan?" Ta ce, "Kawu, a intanet mana, kowa can yake ɗauka."

To nan gizo ke saƙar. Su batutuwan ba laifi ba ne, yadda ake yin su ne abin dubawa. A ɗauko ma'aunin Rosenberg, wanda aka tsara a Amurka a 1965, a raba wa 'yan aji da Turanci, a zuba amsoshin a SPSS, shi ke nan an haɗa babi biyar. Wani ma sayen aikin yake yi kacokan. Ranar kare aiki malamai su yi masa tambaya ɗaya ya kama inda-inda, in an gano satar rubutu kuwa shekara ta tafi, kuɗin iyaye sun bi ruwa.

Alhali ga Sabo nan tun 1916 take a Ibadan, cike da abin bincike. Abner Cohen ya taso daga Ingila ya zauna cikin kakanninmu, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Mu 'yan gida fa? Waɗanda rikicin kasuwar Shasha na 2021 ya rutsa da su, yaya barcinsu yake yau? Yaron da ke Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji, da wanne yake tunani in lissafi ya yi tsauri? Matasan da suka saba da kodin kafin a hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ina suka koma?

Kuma ba takardar tambayoyi kaɗai ce hanya ba. Ɗalibi na iya yin hira mai zurfi da mutum goma sha biyu. Yana iya fassara wani ma'auni zuwa Hausa, ya ba wani ya mayar da shi Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce, sannan ya gwada shi a unguwa. Ko a Aro ta Abeokuta, abin da ya ɗaga sunan Farfesa Lambo shi ne kai kula da masu taɓin hankali cikin ƙauyuka, tare da danginsu.

Na san za a ce lokaci kaɗan ne, kuma sai malami mai duba aiki ya yarda. Gaskiya ne. Shi ya sa a ɗauki ƙaramin batu da za a iya gamawa, a nemi izinin duk wanda za a yi hira da shi, a ɓoye sunansa, domin a Sabo kowa ya san kowa.

Iyayenmu masu unguwa da limamai, in yaranmu sun zo da takarda da biro, don Allah a buɗe musu ƙofa. Ita dai 'yar tawa ta koma wurin malaminta da batun Shasha. Allah Ya sa ya amince.