Jinjina Ga Matasa Manoma Na Makarantunmu

A ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, noma gado ne. Tun 1978 da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, shinkafa da albasa da tumatir na rani suka samu gindin zama. Masu riƙe wannan gado gobe su ne 'yan ƙungiyar matasa manoma ta makaranta, kuma sun cancanci yabo.

Dubi yarinya 'yar sakandare ta durƙusa a fangali, tana dasa albasa da tazarar yatsu huɗu. Ga wani yaro can yana cuɗa kashin awaki da toka da busasshen ganye, yana haɗa taki. Idan damina ta faɗi, sukan raba dashen dalbejiya da zogale da suka rena a leda, a shuka a bakin masallaci da kasuwa. Abin da suka koya sukan kai shi gonar gida.

Iyayen yara na garin Ruwan Gizo da maƙwabta, ku ba su fili da iri da galma. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.