Jinjina ga Masu Ƙera Motar Kara

Bayan girbi, yaran Kafur da Malumfashi kan zauna gindin bishiya suna ƙera mota da karan dawa. Su ɓare kara, su yanka totuwa, su soke da tsinke, su fafe sakaina su yi taya. Ba malami, ba littafi. Sannunku da aiki!

Irin wannan basira ake gwadawa a gasar FIRST LEGO League, wadda aka fara a Amurka a 1998, gidauniyar Coderina kuma take shiryawa a Najeriya. Yara ke haɗa mutum-mutumi, su ba shi umarni ta kwamfuta.

Malaman firamare, ku tara yaran nan ku kafa musu ƙungiya. Hannu ya riga ya iya, kayan aiki ne suka rage.