Tuba ko ridda? Sharhi a kan littafin Barbara Cooper

Littafin Barbara Cooper, Evangelical Christians in the Muslim Sahel (2006), ya bi tarihin mishan ɗin SIM a ƙasar Maraɗi, tun daga zamansu a Tsibiri zuwa asibitin kutare na Danja da asibitin Galmi. Marubuciyar ta buɗe da tarzomar Nuwamba 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin FIMA ta kai ga farma majami'a a Maraɗi. Mafarin ya dace, don ya nuna tun farko cewa sauya addini a nan bai taɓa zama al'amarin mutum ɗaya ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi, a ganinmu, shi ne babin harshe. Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Dokta Miller ya yi wa aiki, ya riƙe kalmar Allah, amma ya ɗauki Yesu a maimakon Isa. Wato an kusanci Musulmi da hannu ɗaya, an ja iyaka da ɗayan.

Sai dai muna son a ƙara zurfafawa a kan kalmar tuba. Bahaushe ya saba cewa arne ya tuba idan ya musulunta. Kirista ya ari kalmar ya ba ta wata alƙibla: shi ma ya ce ya tuba. Danginsa kuwa ridda suke kiran abin, kuma daga wannan suna hukunci ke biyowa, a aure, a gado, har a wurin da za a rufe gawa. Uwar da ta daina cin abinci kwano ɗaya da ɗanta ba ta karanta tauhidi ba. Kalmar ce ta yi mata jagora. Takardun mishan, waɗanda marubuciyar ta dogara da su tare da hirarraki, sun fi ƙidaya tubabbu da horon da aka yi musu. Daren da mutum ya kwana yana neman Allah kafin ya furta wa kowa, da wuya ya shiga rahoto.

Sannan Maraɗi ba ita ce Nijar duka ba. A Bana da Gaya, inda Hausa ke cuɗanya da Dandanci da Cangawa, kuma Kamba da Malanbil suna kusa, wanda gida ya ƙi yana iya ƙetare iyaka ya sami majami'a. Wannan fili ne da ɗalibanmu masu shirya kundi za su iya shiga da rakoda, su tambayi masu tuba wace kalma suka yi amfani da ita ranar da suka gaya wa iyayensu.